Kwamfutar Ƙanena Ta Fi Tawa Hangen Nesa

A Dei-Dei nake sayar da tayil. Shagona yana kusa da inda manyan motoci ke juyawa, saboda haka daga safe har azahar ba abin da kunne ke ji sai gurnanin tirela da hayaniyar masu sauke kaya. Amma da an idar da sallar la'asar, musamman ranar Asabar, sai kasuwa ta lafa. A lokacin ne muke jawo benci biyu da wani guntun tebur zuwa inuwar rumfar shagona, mu shimfiɗa allon ches, wasan daran nan na Turawa.

A Zariya na koyi wasan tun ina ɗalibi, na taho da shi Abuja. Mu huɗu ne ba ma fashin zama a teburin. Akwai maƙwabcina Bakatsine mai sayar da katako, mutum mai zafin wasa, wanda ba ya iya ganin sarkin abokin karawarsa zaune lafiya bai kai masa farmaki ba. Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai kayan famfo, wanda a nan kasuwa ya koyi Hausa, ba ruwansa da bambance mace da namiji in yana magana. Sai ni. Na huɗunmu ƙanena ne.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, amma na ba shi shekaru masu yawa. A falona ya riƙa kwana bayan ya gama sakandare, a hannuna ya yi jami'a ya karanta zanen gine-gine, ni ne kuma na fara nuna masa yadda doki ke tsalle a kan allo, da yadda 'ya'yan wasan da ake kira soro da liman ke tafiya, da yadda ake ɓoye sarki a bayan sojoji. Da ya gama karatu ya samu aiki a wani ofishin masu zana gidaje a Gudu, ya kama ɗakinsa can, amma duk Asabar sai ya shiga mota ya zo Dei-Dei. Yakan cinye Bakatsine, yakan yi canjaras da mai famfo. Ni kuwa bai taɓa cinye ni ba ko sau ɗaya.

Ba iya wasa kaɗai ya ba ni girma a teburin nan ba. Ina da kwamfuta. Wata tsohuwar laftof ce ta hannu, baƙa, mai nauyi kamar kwalin tayil, wadda na saya don nuna wa masu saye hotunan kayan da ba ni da su a shago. A cikinta na sa manhajar nan ta kyauta mai buga ches, wadda mu dai inji muke ce mata. Idan ka jera masa wasa yadda yake a kan allo, sai ya shiga lissafi, ya nuna takun da ya fi kyau, ya kuma ba da maki. In mai wasa da fari ne ke gaba sai makin ya hau, in mai baƙi ne sai ya sauka ƙasa da sifili. A gefe kuma akwai wata 'yar lamba da ake kira zurfi, wato yawan takun da ya hango a gaba.

Ba a taɓa gama wasa a teburinmu ba musu bai biyo baya ba. Wanda aka cinye zai rantse da shi ke da nasara da bai yi kuskure ɗaya ba, wanda ya ci kuma ya ce tun daga farko ya san inda za a ƙare. In musun ya yi zafi sai a juyo gare ni.

"Malam, buɗe mana injin nan ya raba mu."

Sai in shiga shago in ɗauko ta, in goge murfin da gefen riga, in jera wasan ba tare da gaggawa ba. Fankar cikinta ta fara huci, su kuma su yi shiru suna kallon fuskata, don daga inda suke zaune ba sa ganin rubutun. In na ga lambar ta tsaya sai in gyara murya in yanke hukunci. Ban taɓa ƙara ko rage abin da injin ya faɗa ba. Amma wannan ɗan shirun da suke yi suna jira, ina jin daɗinsa fiye da cinikin yini.

Wata Asabar ƙanena ya zo da sabuwar jaka a bayansa. Ya ce ofishinsu sun samu aikin zana wani rukunin gidaje, irin zanen da ake fito da gida a hoto kamar an riga an gina shi, har da inuwar bishiya da hasken taga, kuma tsofaffin kwamfutocinsu ba sa iya ɗaukar aikin, shi ne aka saya musu sababbi. Ya ɗan zuge jakar muka leƙa. Siririya ce, launin toka. Muka ce Allah ya sa alheri, muka koma kan allo.

Ranar Bakatsine ne ke riƙe da fari, mai famfo da baƙi. Ana tsakiyar wasa sai Bakatsine ya ɗauki dokinsa ya cinye sojan da ke gaban sarkin baƙi, alhali kowa na gani za a cinye dokin. Mai famfo ya cinye shi kuwa. Bakatsine ya yi ta kai hari har numfashin harin ya ƙare, ya rasa abin yi, aka bi shi a hankali aka gama da shi.

"Wallahi takun nan daidai ne," in ji Bakatsine. "A gaba na ɓata, amma dokin nan ba a banza na ba da shi ba."

"Doki ya tafi banza," in ji mai famfo yana dariya. "Oga, kawo kwamfuta ya gaya masa gaskiya."

Na ɗauko, na jera, na jira. Injin ya yi lissafinsa, makin ya sauka sosai ƙasa da sifili ya zauna a can. Na gyara murya.

"Kuskure ne," na ce. "Tun daga nan ka mutu. Da ka ja soronka tsakiya, da wasa na nan daidai."

Mai famfo ya buga cinya. Bakatsine ya cire hula ya sosa kai. Ban lura ba ashe ƙanena ya ɗora tasa kwamfutar a cinya yana danne-danne. Ina cikin yi wa Bakatsine bayani sai na ji muryarsa a hankali.

"Yaya, tawa kuma ta ce takun daidai ne. Ta ce fari ne ke da nasara."

Na ce, "Ka dai jera ba daidai ba."

Ya juyo mini da ita. Daidai ya jera. Kuma manhajar da ke ciki ba wata ba ce, tawa ce, ni da hannuna na kwafa masa a filash. Fuska ɗaya, launi ɗaya, komai iri ɗaya. Abin da ya bambanta kawai ita ce 'yar lambar nan ta zurfi. Tawa ta daɗe tana fama a ashirin da ɗoriya, tasa kuwa daga buɗewa ta wuce talatin, tana ci gaba da hawa ina kallo.

Ya bi mana takun ɗaya bayan ɗaya a kan allon katako. Bayan an ba da doki, ba hari za a ci gaba da kaiwa ba. Sai fari ya ɗan matsar da sarkinsa gefe, takun da ba wanda zai kalla sau biyu, ya buɗe wa soro hanya. Daga nan duk inda baƙi ya juya a rufe yake. Bakatsine ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na faɗa muku! Na rantse muku na ji a jikina!"

Mai famfo ya dubi kwamfutata, ya dubi ta ƙanena, ya ce, "Oga, wannan naka ya tsufa. Ka bar shi ya huta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce ba a yanke hukunci da gaggawa, a bar tawa ta gama tunani. Na bar ta a kunne a kan tebur, fankarta na huci kamar za ta tashi sama. Aka kira magariba muka tafi masallacin layinmu. A cikin sahu, Allah ya yafe mini, hankalina yana kan wannan lamba. Da muka dawo na riga kowa isa teburin. Ta canja magana. Makin ya haye sama, ga kuma takun sarkin nan a rubuce, daidai yadda ta ƙanena ta faɗa tun rana na sama.

Muna tattara 'ya'yan wasan a leda na tambaye shi, kamar ba abin ya dame ni ba, me ya sa haka tun da inji ɗaya ne.

"Ai ba wayo ta fi taka ba, Yaya," ya ce. "Gudu ta fi ta. Dukansu hanya ɗaya suke bi, in na yi kaza zai yi kaza, in ya yi kaza zan yi kaza. Sai dai kafin taka ta duba hanya ɗaya, tawa ta duba da yawa, don ƙwaƙwalwarta kashi-kashi ce, kowane kashi na aikinsa a lokaci guda. Abin da tawa ta gani yanzu, taka ma za ta gani. Sai dai an jima."

Wannan "an jima" ɗin ne ya tsaya mini a wuya. Na tuna sau nawa na zauna a bencin nan na ce wa mutum kuskure ya yi, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Wa ya san nawa ne a ciki da na ƙara haƙuri da maganar ta juya?

Ranar Litinin na kai kwamfutata wurin mai gyara. Ya kwance ta, ya hure ƙurar da ta toshe fankar, ya ƙara mata memori. Na ce ƙwaƙwalwar nake so a canja, a sa mai gudu. Ya ce a manne take da allon ciki, ba ta fita, in ina son gudu sai dai wata kwamfutar. Na tambayi irin ta ƙanena a wani shago da ke gefensa. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai na yi masa sallama na fito.

Na ji an ce zafi na rage musu gudu, sai na yanko wani falalen dutsen girenayit daga ragowar kayan wani mai saye, na ɗora ta a kai, na juyo mata da fankar shago. Akwai wata lamba a ƙasan manhajar da ke nuna yawan wuraren da take dubawa a daƙiƙa guda, wadda da ban taɓa kula da ita ba. Yanzu ita na zauna ina kallo kamar mai jinya. Ta ɗan ƙaru kuwa. Na yi murna har na ɗauki hotonta a waya. Da Asabar ta zo na saci kallon ta ƙanena, na ga tasa lambar ta fi tawa tsawo a ido ma, ba sai an karanta ba. Ban nuna wa kowa hoton ba.

Matata ta gane kafin in faɗa. Ta ajiye mini tuwo na bar shi ya huce ina danne-danne.

"Wai har yanzu maganar kwamfutar nan ce?" ta ce. "Yaron da ka raina da hannunka? In ya samu abin da ya fi naka ai kai ka samu."

Na ce na sani. Kuma na sani ɗin. Da mota ya saya wadda ta fi tawa, da ni zan fara zagaya ta ina sa albarka. Da gida ya gina a Maitama, da ni zan kai masa tayil kyauta. Amma wannan abu ɗaya ne da nake da shi a tsakanin mutanen nan, ƙarami ne, ba wanda ya taɓa nemansa, shi ma bai nema ba, ofis ne kawai suka ba shi kayan aiki.

Bakatsine ne ya kawo shawarar a haɗa su karo. Tun ranar dokin nan ya zama ɗan gaban goshin sabuwar kwamfuta. Ya ce a ajiye su fuska da fuska, kowace a ba ta lokaci daidai da 'yar'uwarta, mu kuma mu riƙa matsar musu da 'ya'ya a allon katako. Na so in ƙi, amma ƙin ya fi karɓa muni.

Muka zauna ni da ƙanena, kowa da tasa a gabansa. In tawa ta yi taku sai in matsar a allo, shi ya shigar wa tasa, in tasa ta amsa ni ma in shigar. Leburori da suka gama sauke siminti suka tsaya a kanmu suna kallo, ko da yake yawancinsu ba su san ko sunan wasan ba. An dai gaya musu kwamfutar oga ce ke faɗa da ta ƙaninsa, kuma wannan ya ishe su.

Abin da ya fi ci mini rai ba cinyewar ba ce, yadda ake cinyewar ne. Wasa zai yi nisa, duka biyun suna cewa daidai ake. Can sai ƙanena ya ɗan yi gyaran murya, in gane tasa ta fara ganin wani abu. In dubi tawa, tana nan a kan sifili, hankalinta kwance. A yi taku, a ƙara, a ƙara. Tasa na hawa, tawa na cewa lafiya lau. Ni da nake zaune a bayanta na san akwai rami a gaba, don ina ganinsa a fuskar ƙanena, amma ba ni da ikon gaya mata. Sai can, lokacin da ba sauran magani, makin ya faɗi gaba ɗaya kamar an yanke igiyar guga. Leburori su sa ihu.

Mun yi wasanni da dama a Asabar biyu ko uku. Wasu an tashi canjaras, sauran tasa ta cinye. Tawa ba ta ci ko ɗaya ba.

Sai ƙanena ya ce, "Yaya, ba a yi adalci ba. Bari a ba taka lokaci mai yawa, tawa a ba ta kaɗan. In taka ta samu minti goma, tawa ta yi da ɗaya."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na san shi. Amma na tuna lokacin da yake koyo, nakan cire sarauniyata in ajiye gefe kafin mu fara, don ya samu ya ɗan daɗe a wasa. Yau ga shi yana cire mini tasa a gaban mutane. Na ce to.

Da aka yi hakan sai wasa ya canja. Canjaras, canjaras, canjaras, har masu kallo suka gaji suka watse, don zaman jiran tawa ta gama tunani ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙanena ya ce haka abin yake, duk lokacin da aka ba su isasshen lokaci sai tazarar ta ragu, domin kowane taku ɗaya da za a ƙara hangowa ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba. Ko an ninka wa kwamfuta gudu, ɗan kaɗan zurfinta ke ƙaruwa. Ya faɗa ne don in ji sanyi. Ni kuwa abin da na ji shi ne, ɗan kaɗan ɗin nan ya isa a cinye mutum, kuma ba wanda zai zauna jiran an jima alhali ga mai ba da amsa yanzu.

Haka kuwa aka yi. In an gama wasa ba a ƙara cewa, "Malam, buɗe mana injin." Sai a juya wajen ƙanena. Ranar da bai zo ba, na ga Bakatsine ya ɗauki hoton allo da waya ya tura masa, alhali ga ni zaune, ga kwamfutata a cikin shago. Da damina ta kankama rumfata ta fara yoyo, mai famfo ya ce me zai hana mu koma ofishin ƙanena, tun da ranar Asabar ba kowa, ga sanyin esi, ga babban allon bango da ake haɗa kwamfuta da shi kowa ya gani. Shi mai famfon yana da mota, ya ce zai riƙa ɗaukarmu. Ba ni da hujjar ƙi.

A Gudu na zama baƙo. Kujeru masu juyawa, shayi a kofin tangaran, wasanmu a jikin bango ya fi girman tagar shagona. Ba sauran wanda zai kalli fuskar wani ya jira hukunci, kowa na ganin makin da idonsa. Ƙanena kuma, saboda kunya, ba ya fara magana sai ya juyo ya ce, "Yaya, kai me ka gani a nan?" In faɗi abin da na gani, ya danna, bango ya nuna wani abu dabam. Da ya daina tambayata da ya fi mini sauƙi.

A can ne ya cinye ni. Akwai wata buɗewa, wato tsarin takun farkon wasa, da nake yi da baƙi tun ina Zariya, na san lungunanta kamar hanyar gidanmu. Ranar na fara ta kamar kullum, sai na ga yana amsawa ba ya ko tsayawa tunani. Ya kai ni wani wuri da ban taɓa zuwa ba, ya tura sojan gefe, takun da na tabbata ba daga kansa ya fito ba. Na yi tunani har shayina ya huce. Duk abin da na taɓa sai in ga ya riga ya tanadi amsarsa. Ya matse ni a hankali, ba hayaniya, har na ga ba amfanin ci gaba. Na kwantar da sarkina.

Bakatsine ya yi kabbara, mai famfo ya tafa. Ƙanena bai ɗago kai ba, sai ya shiga mayar da 'ya'yan wuraren zamansu da sauri kamar wanda ya fasa kwano yana tattarawa.

"Masha Allah," na ce, na miƙa masa hannu. "Ka yi wasa."

"Makonni na yi ina bin buɗewar nan da inji, Yaya," ya ce. "Ba ni ba ne."

"Kai ne," na ce. "Injin bai zauna a kujerar nan ba."

Gaskiya na faɗa, kuma wani ɓangare na zuciyata ya yi alfahari da shi. Amma a hanyar komawa, muna cikin cunkoson titin Kubwa ruwa na dukan gilashi, mai famfo da Bakatsine na ta maimaita wasan, ni tunanina ɗaya ne. Da ni ke da wannan kwamfutar, da ni na ga sojan gefen nan tun kafin ya gani. Shekara da shekaru ina buga abu, ashe da ɓaraka a jikinsa, tawa ba ta taɓa nuna mini ba.

Na yi Asabar da yawa ban je ba. In ce kaya za su iso daga Legas, in ce baƙi gare ni. Wata Laraba da hantsi ina auna wa wata mata tayil na banɗaki, sai ga ƙanena da jakar nan. Ya jira har na sallame ta.

"Yaya, an canja mana kwamfutoci a ofis," ya ce. "Sun ce wanda ke son tsohuwar tasa ya ɗauka a rangwame. Na karɓar maka."

Na ce tawa ta ishe ni, hotunan tayil kawai nake nunawa. Ya ce ya sani. Ya ajiye jakar a bayan kanta, ya gaishe da Bakatsine, ya ce aiki na jiransa, ya tafi. Ta kwana biyu a wurin ban taɓa ba, ina zagaye ta in zan ɗauko kaya. Matata ce ta ji labari, ta ce in ban kawo ta gida ba ita za ta zo kasuwa ta ɗauka, don barin kyautar ɗan'uwa a ƙasa wulaƙanci ne.

Ranar Lahadi bayan karin kumallo na buɗe ta a falo. Ya goge komai nasa, ya bar mini injin kaɗai a tsakiyar fuska. Ban yi wata-wata ba na jera wasan da ya cinye ni, don yana nan a kaina taku bayan taku. Lambar zurfi ta riƙa gudu kamar mitar mai. Ba huci, ba jira. Na jingina da kujera ina kallo, na ji wani daɗi da na kasa ɓoyewa, har matata ta leƙo daga kicin ta koma tana murmushi.

Na bi wasan a hankali, sai a tsakiya makin ya yi tsalle ya koma sifili. Na koma baya na sake dubawa. Ashe bayan abin da ya haddace ya ƙare, ƙanena ya yi sakaci a wani taku. Da na ja limamina baya zuwa kusurwa, da na toshe komai, da canjaras za a tashi. Na bar ta ta ƙara tunani, ba ta canja ba. Na jera a allon katako na gwada da hannuna ta kowace fuska. Takun ya tsaya daram.

Na kira shi a waya. Bayan gaisuwa na yi masa godiya yadda ya kamata, sannan na ce, "Af, wasan nan namu na rannan. Ka san ba ka ci shi da tsabta ba? Da na ja liman baya, da ba ka da hanya."

"Haba? Bari in duba, tana kusa da ni."

Na ji ƙarar dannawa. Na zauna ina kaɗa ƙafa. Shirun bai yi tsawo ba.

"Yaya," ya ce, da muryar nan tasa ta mai neman gafara, "sabuwar ta ce ko ka ja liman, akwai hanya. Nesa take sosai, sai an kai ƙarshen wasa, amma soja ɗaya yana wucewa."

Na dubi wadda ke gabana. Tana kan sifili, hankalinta kwance. Na tambaye shi zurfi nawa tasa ta kai, ya faɗa, na ce to madalla.

Na koma zuwa Gudu daga Asabar ɗin da ta biyo. Yanzu yakan cinye ni, nakan cinye shi, nasa ya fi yawa. Na bar tsohuwar buɗewata na koyi wata, ina zama da injin in bi ta lungu-lungu, ko da yake na san duk inda na leƙa ya riga ni leƙawa. Rannan muna sauka daga benen ofishinsu, sauran sun yi gaba, na riƙe shi a matakala na rage murya.

"Wai ni kam," na ce, "yaushe za su sake canja muku kwamfuta?"

Ya dube ni, ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.